Daga Zuba Zuwa Na'ibawa: Yadda Ake Bin Titin Abuja, Kaduna, Zariya da Kano

A takardun gwamnati titi ɗaya ne mai tsawon kilomita kusan 375, daga mahaɗar Zuba zuwa bakin Kano. Direban da ya saba binsa kuwa ba ya ɗaukarsa hanya ɗaya, domin abin da ke jiranka tsakanin Suleja da Tafa daban yake da abin da ke jiranka a dajin Rijana, shi ma daban yake da santsin kwaltar da ke tsakanin Zariya da Kura. Inda titin ya lalace, ramuka da cunkoson manyan motoci ne matsalarka. Inda aka gyara shi ya yi sumul, gudu ne ke kashe mutane. Saboda haka shirin wannan tafiya ba ya tsayawa a kan shan mai da duba taya. Babban aikin shi ne ka san ƙarfe nawa kake so ka kasance a wane wuri.

Hanyar da inda ta fito

Wannan titi wani yanki ne na babbar hanyar tarayya mai lamba A2, wadda ta taso daga Fatakwal, ta ratsa Benin da Lokoja, ta zo Zuba, ta wuce Kano har iyakar Nijar ta wajen Daura. Daga can hanya ta miƙe zuwa Damagaram da Agadas, har Aljeriya. Shi ya sa za ka ga tirela mai lambar Nijar ko Chadi tana jera da tankar da ta ɗauko mai daga kudu.

Tun kafin kwalta mutane ke bin wannan layi. Fatake sun yi ta kai da kawowa da jakuna tsakanin Kano da Zazzau, suna yada zango a garuruwa irin su Bebeji. A lokacin jihadi, da aka kori Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya, kudu ya yi har yankin Zuba, kuma ɗan'uwansa Abu Ja ne ya kafa garin Abuja ta asali a 1828. Wannan garin ne Suleja ta yau, bayan da aka ɗauki sunansa aka ba sabon babban birnin tarayya. Har yanzu sarkin garin Sarkin Zazzau Suleja ake ce masa. Wanda ya taso daga Suleja zuwa Zariya da mota, ashe hanyar gudun hijirar sarakunan Haɓe yake bi a juye.

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya kwashe shekaru yana ɗauke da nauyin gyaɗa da auduga da fata. Titin mota ya zama sarki ne daga baya, musamman da gwamnatin Murtala ta yanke shawarar mayar da babban birni Abuja a 1976. An mayar da hanyar tagwaye a zamanin mulkin Babangida, gwamnati kuma ta tare a Abuja a Disambar 1991. A wancan lokacin akwai shingayen karɓar kuɗin hanya, har gwamnatin Obasanjo ta rushe su a ƙarshen 2003. Daga nan titin ya yi ta ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinsa, jirgin ƙasa ya kwanta, komai ya koma bayan tirela: siminti, taki, shanu, hatsi, mai.

A Disambar 2017 gwamnatin Buhari ta ba kamfanin Julius Berger kwangilar gyaransa a kan naira biliyan 155, aka raba aikin kashi uku: Zuba zuwa Kaduna kilomita kusan 165, Kaduna zuwa Zariya 73, Zariya zuwa Kano 137. A 2021 aka sauya aikin daga gyara zuwa sake gini gaba ɗaya, kuɗin ya tashi zuwa biliyan 797. Cikin kuɗin da aka zuba har da wani kaso na dala miliyan 311 na kuɗin Abacha da aka dawo da su a 2020. A watan Mayun 2023 aka ƙaddamar da ɓangaren Kaduna zuwa Kano da aka kammala mafi yawansa. Ɓangaren Abuja zuwa Kaduna, wanda ya fi kowanne cunkoso, shi aka bari a baya. A Nuwambar 2024 ministan ayyuka David Umahi ya soke kwangilar wannan ɓangare bayan taƙaddama kan farashi, aka ba wani kamfani mai suna Infiouest a 2025, aka kuma koma shimfiɗa kankare maimakon kwalta. A ganina an fara aikin ta inda ya fi sauƙi ne aka bar inda ya fi ciwo, kuma matafiya ne suka biya kuɗin wannan zaɓi da lokacinsu da rayukansu.

Mataki na farko: ka tsayar da lokaci kafin komai

Ka lissafa tafiyar daga tsakiyar Abuja zuwa tsakiyar Kano a matsayin abin da ya haura kilomita 400, domin 375 ɗin nan bai haɗa da fitowa daga Abuja zuwa Zuba da ratsa garin Kaduna ba. Idan hanya ta yi kyau, awa biyu da ɗoriya ke kai mutum Kaduna, kusan awa ɗaya zuwa Zariya, ƙasa da awa biyu zuwa Kano. Amma tirela guda ta faɗi a inda aka haɗe hannu biyu ya zama ɗaya, ta isa ta cinye maka rabin yini. Don haka kada ka ɗaura alƙawarin ɗaurin aure ko ganin likita a kan lissafin hanya mai kyau.

Ƙa'idar da ba na sassauci a kanta ita ce: tsakanin Jere da Kaduna a bi shi da rana tsaka, ko da hantsi. Idan daga Abuja ka taso, ka bar gida bayan gari ya waye, ka wuce Zuba kafin cunkoson ma'aikata ya yi ƙarfi. Idan daga Kano ka taso, nan ne mutane ke yin kuskure, domin ɓangare mai daɗi ne a farko, mai wuya a ƙarshe. Wanda ya bar Kano bayan azahar, magariba za ta same shi a daji. Ka fita da sassafe, ka tabbata ka bar Kaduna kafin la'asar. In ka makara, ka kwana a Kaduna ko Zariya. Kuɗin masauki na dare ɗaya ba ya kai abin da kake kasadarsa.

Ranaku ma ba ɗaya ba ne. Yammacin Juma'a ma'aikatan Abuja masu iyali a Kaduna da Zariya da Kano ke kwararowa arewa, yammacin Lahadi da safiyar Litinin su juya. Jajiberin Sallah da ƙarshen Disamba kuwa ba a magana. Ranar Juma'a da tsakar rana, garuruwan da masallacinsu ke bakin titi sukan cika har sahu ya taɓo kwalta, sai ka lissafa inda za ka tsaya ka yi sallar da kanka maimakon ta same ka a cikin layin motoci.

Da damina, ruwa yana ɓoye rami, yana kuma zaizaye gefen da aka karkatar da motoci. Da hunturu, hazo ke rage gani, ga hayaƙin ƙunar daji da kan rufe titi farat ɗaya. Duk lokacin da gani ya ragu, kunna fitila ka rage gudu, kada ka tsaya a kan kwalta.

Mataki na biyu: ka tambayi hanya a ranar

Halin wannan titi yana sauyawa daga mako zuwa mako, musamman inda ake aiki. Labarin da abokinka ya ba ka na watan jiya ya tsufa. Waɗanda suka fi kowa sani su ne direbobin haya da suka iso da safiyar nan. Ka leƙa tasha, ko ka kira wani direba da ka sani, ka yi masa tambaya takamaimai: “Malam, ina aka haɗe hannu yau? Tafa ta buɗe? Akwai abin da ya faɗi?” Amsar da za ka samu cikin minti ɗaya ta fi abin da taswirar waya za ta nuna maka, ko da yake ita ma tana da amfani wajen nuna inda motoci suka tsaya cak.

Mataki na uku: mota, ko kujera a motar haya

Idan da motarka za ka tafi, ka kai ta wurin bakanike kwana ɗaya kafin tafiya, ba da safiyar ranar ba. A duba burki da man burki, baƙin mai, ruwan lagireto, fitilu, da abin share gilashi. Taya ita ce uwa uba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu a matsayin wadda wa'adinta ya ƙare, ko da zanenta bai cinye ba. Tayar gwanjo da ta sha rana, ta hau kwalta mai zafi tsakanin Zariya da Kano a watan Afrilu, ita ce ke fashewa. A auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, har da safaya, domin mutane da yawa sai a daji suke gano safayarsu ba iska.

A cikin but ka tabbata akwai jak da abin kwance taya, alamar nan mai kusurwa uku, tukunyar kashe gobara, galan na ruwa, da tocila. Takardu kuma: lasin tuƙi, takardun mota, inshora, da shaidar lafiyar mota. Za ka haɗu da 'yan sanda da sojoji da jami'an kiyaye haɗurra, a Kaduna ga 'yan KASTLEA, a Kano ga 'yan KAROTA. Takarda cikakkiya tana gajarta zance. Ka cika tanki tun a gari, ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana, domin akwai wuraren da sabis ɗin waya ke ɗaukewa, tura kuɗi ba zai yiwu ba.

Idan motar haya za ka shiga, ka shiga a tasha. A Abuja akwai Jabi da Utako da Zuba, a Kaduna akwai Kawo da Mando, a Zariya Kwangila, a Kano Unguwa Uku da Na'ibawa. Motar tasha tana da rajista a wurin 'yan ƙungiya, ana rubuta sunayen fasinja da lambar wani nasu. Motar bakin titi ta fi araha, amma ba wanda ya san direban, kuma tsakanin Zuba da cikin Abuja an sha fama da masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi a cikin mota. Kafin ka biya, ka zagaya motar ka dubi tayoyinta da irin lodin da aka yi mata. Sharon ɗin da aka danƙara wa buhuna har bayanta ya zauna, a bar ta ta tafi. Ka kuma dubi idon direban. Wanda ya kwana a hanya ya juyo ba tare da ya runtsa ba, ana ganewa.

Akwai zaɓi na uku ga rabin tafiyar. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a Yulin 2016, yana tashi daga Idu ya tsaya a Kubwa ya sauke a Rigasa. Mutane da yawa sukan hau shi su tsallake ɓangaren farko, sannan su shiga mota daga Kaduna zuwa Kano. Shi ma ya ga tasa jarrabawar: an kai masa hari ranar 28 ga Maris 2022, aka kashe wasu aka sace fasinjoji da dama, bai dawo aiki ba sai Disambar shekarar. Tikitinsa ta intanet ake saye, yakan ƙare da wuri a ranakun cunkoso.

Zuba zuwa Tafa: ɓangaren haƙuri

Da ka bar Zuba ka shiga jihar Neja ta Madalla. Ga Dutsen Zuma nan a gabanka, wanda ke jikin takardar naira 100. Kada kallonsa ya ɗauke maka hankali, domin nan titin cikin gari yake ratsawa: 'yan acaba, masu Keke, masu talla, masu tsallaka titi da kaya a ka. Bayan Suleja sai mahaɗar Dikko, inda hanyar Minna ta rabu. A nan ne tankar mai ta faɗi ranar 18 ga Janairun 2025, mutane suka taru suna kwasar fetur, wuta ta tashi ta kashe sama da mutum 80. Darasin a aikace yake: in ka ga tanka a kwance, kada ka tsaya kallo, kada ka ɗauki hoto, ka yi nisa da ita iyakar iyawarka, in kuma ba hanyar wucewa ka kashe mota ka fita da ƙafa ka koma baya.

Sabon Wuse, sannan Tafa, a kan iyakar Neja da Kaduna. Tafa zangon manyan motoci ce. Direbobin tirela da tanka a nan suke kwana, su ci abinci, su yi gyara, kuma sau da yawa a kafaɗar titi suke jera motocin, wani lokaci har layi biyu. Abin da ya rage wa masu wucewa ɗan siriri ne. Ka shiga da giya ƙarama, ka sa ido a ƙarƙashin tirelolin da ke tsaye, domin ƙafafun mai shirin fitowa ake fara gani kafin shi kansa. Yaron mota da bokiti, almajiri da kwano, mai shayi da tire, duk daga tsakanin motocin suke ɓullowa.

Idan gosulo ya kama ka a nan, ka zauna a layinka. Abin da ke mayar da cunkoson rabin awa ya zama na yini shi ne masu tsallakawa ɗaya hannun su tari motocin da ke zuwa, sai gaba da gaba a kulle, ba mai iya ja da baya. Ka bar tazara tsakaninka da motar gabanka yadda za ka iya fita in ta mutu, kuma kada ka tsaya a bayan tirela a kan hawa.

Jere zuwa Kaduna: ɓangaren da ba a tsayawa

A Jere hanyar Bwari ta haɗu da babban titi. Wasu masu fitowa daga Abuja sukan bi ta Dutse da Bwari su ɓullo nan don kauce wa Suleja da Tafa. Hanya ce mai kwana-kwana da ke ratsa daji, kuma lafiyarta na sauyawa, saboda haka kada ka bi ta sai ka tambaya a ranar, kuma da rana.

Daga Jere gari ya fara nisa da gari. Katari, Gidan Busa, Doka, Rijana, Akilibu: sunayen da suka yi ta fitowa a labarai a shekarun da garkuwa da mutane ta yi ƙamari a wannan hanya, musamman daga wajen 2016 zuwa 2022. A Afrilun 2021 aka sace ɗalibai a jami'ar Greenfield da ke gefen titin. An girke sojoji da 'yan sanda a wurare da dama, al'amura sun yi sauƙi ƙwarai idan aka kwatanta da wancan lokaci, amma ɗabi'un da matafiya suka koya a lokacin har yanzu suna da amfani.

Ka yi fitsari, ka sha ruwa, ka yi sallah kafin ka shiga wannan yanki, ko ka jinkirta har Kaduna, tunda matafiyi yana da sauƙin haɗa salloli da yin ƙasaru. Ka yi tafiya cikin ayarin motoci, ba kai kaɗai a gaba ba, ba kai kaɗai a baya ba. Abin da ya fi komai muhimmanci: ka riƙa kallon ɗaya hannun. Titi mai cunkoso irin wannan ba ya yin shiru haka kawai. In ka lura an ɗauki mintuna ba motar da ta zo daga gaba, ko ka ga masu zuwa suna ƙyafta maka fitila suna yi maka hannu, ka rage gudu ka tsaya a gari ko shingen jami'ai mafi kusa ka tambaya. Wataƙila haɗari ne kawai ya tare hanya. Tambayar ba ta cin komai.

A shingen bincike, ka rage gudu tun daga nesa, ka sauke gilashi, ka cire waya daga kunne. In duhu ya fara, ka kashe babbar fitila ka kunna ta cikin mota. “Sannu da aiki, ofisa” ta wadatar. Kada ka ɗauki hoton shinge, kada ka wuce layi.

Inda ake aiki kuma, nan ne haɗarin da ya fi yawa a yanzu yake. Za a rufe hannu ɗaya a mayar da motoci duka kan ɗayan, a raba su da durom ko tubalan kankare, wani wurin ma ba abin da ya raba su. Direban da ya saba da tagwayen hanya yakan manta cewa yanzu akwai mai zuwa ta gabansa, ya fito zai wuce tirela, sai karo. A irin wannan wuri kada ka wuce kowa sai kana ganin gabanka sarai. In kana motar haya direba ya fara wannan ganganci, ka yi magana. “Direba, don Allah a sassauta, ba sauri muke ba.” Galibi da mutum ɗaya ya buɗe baki sauran fasinja za su mara masa baya, wata Hajiya daga baya ta ƙara da “Ɗana, muna da iyali.” Shirun fasinja ne ke ba direba ƙarfin gwiwa.

Da ka hango katafaren kamfanin abincin kaji na Olam, ka kusa. Sai Sabon Gaya, Kakau, Gonin Gora, ka shigo Kaduna.

Ratsa Kaduna

Hanya biyu ce. Ko ka bi ta cikin gari, ka haye gadar kogin Kaduna, ka bi titin Ahmadu Bello da na Ali Akilu har Kawo, ko ka bi titin Nnamdi Azikiwe da ke zagaye gari ta yamma, ta Kabala West da Bakin Ruwa da Kurmin Mashi zuwa Mando. An gina na biyun ne don ya zama hanyar kaucewa gari, amma gari ya daɗe da haɗiye shi, kuma nan manyan motoci ke bi. Da ƙaramar mota, a wajen lokutan tashi daga aiki, cikin gari yakan fi sauƙi. A shataletalen Mando ka kula kada ka ɗauki hanyar filin jirgi da Birnin Gwari. Kawo kake nema, inda sabuwar gadar sama da aka buɗe a farkon 2022 ta rage cunkoson da aka daɗe ana sha.

Kaduna ce wurin hutu na gaskiya. Ka ci abinci, ka ƙara mai, ka taɓa tayoyi ka ji zafinsu, ka miƙe ƙafa ko da minti ashirin ne.

Kaduna zuwa Zariya

Gajere ne, kuma shimfiɗarsa ta yi kyau. Bayan Rigachikun sai Mararrabar Jos, wadda ita ma zangon tireloli ce kamar Tafa, a bi ta da irin wancan taka-tsantsan. Sai Birnin Yero, sai Jaji mai barikin soja da kwalejin horar da manyan hafsoshi, inda ba a son tsayuwa barkatai. Kusa da Zariya za ka wuce Gwargwaje da Ɗan Magaji, kusa da Wusasa. A Kwangila hanya ta rabu: mai zuwa Samaru da Jami'ar Ahmadu Bello da Funtuwa da Gusau da Sakkwato ya yi hagu, mai shiga Sabon Gari ya yi dama, mai zuwa Kano ya miƙe. Ƙarƙashin gadar Kwangila kasuwa ce da tasha a haɗe, in ba sauka za ka yi ba kada ka shiga.

Zariya zuwa Kano: inda ƙafa ke nauyi

Nan ne direba ke sakin jiki. Ya baro ramuka da fargaba a baya, ga kwalta shimfiɗe, ga gajiya ta fara taruwa, ga rana ta take. Dokar hanya ta ƙayyade kilomita 100 a awa ga ƙananan motoci a irin wannan titi, 90 ga motocin haya, 60 ga tirela da tanka. Kaɗan ne ke kiyayewa, kuma sakamakon yana nan a gefen hanya, gawarwakin motoci da suka ƙone ko suka murƙushe.

Matsalar ita ce titin ya yi kama da na gudu, amma rayuwar da ke gefensa ta ƙauye ce. A Tashar Yari da Kwanar Ɗangora mutane na tsallakawa da ƙafa, babura na shigowa ta hannun da ba nasu ba don gudun zagaye mai nisa, shanu na ƙetarawa, a-kori-kura na tafe a hankali ba fitilar baya. Duk inda ka hango rumfuna da motoci a tsaye, ka ɗauke ƙafa daga totur tun kafin ka iso.

A yankin Ciromawa da Kadawa da Kwanar Gafan da Kura ka shigo ƙasar noman rani. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina a zamanin gwamna Audu Baƙo a farkon shekarun 1970, shi ke bin magudanai yana shayar da dubban kadada na shinkafa da tumatir da albasa da alkama. A lokacin kakar tumatir, Kwanar Gafan cika take da kwanduna jere a bakin titi, ana loda su a manyan motoci zuwa Legas da sauran biranen kudu. Motocin kan fito daga kasuwa su hau titi a hankali da nauyinsu, ruwan ruɓaɓɓen tumatir kuma yana sa kwalta santsi. In za ka yi tsaraba, wurin ya dace, amma ka sauka daga titi gaba ɗaya kafin ka tsaya, kada ka yi ciniki ta taga rabin motarka na kan hanya. A Kura kuma shinkafa ce, za ka ga an shanya ta a fili ga injinan casa suna aiki.

Barci a wannan yanki yake kama direba. Alamarsa ita ce ka farga ba ka tuna kilomitocin da ka wuce ba, ko ka ji tayarka ta taɓa gefen titi. Goro da lemon kwalba mai sa kuzari ba sa maganinsa. Ka tsaya a gidan mai a cikin gari, ka wanke fuska, ka rufe ido na ɗan lokaci.

In mota ta lalace, ko ka tarar da haɗari

Ka fitar da motar daga kwalta iyakar yadda za ta iya, ko da tayar za ta lalace. Ka kunna fitilun gargaɗi, ka ajiye alamar kusurwa uku da nisa a baya, ba dab da mota ba, domin tirela mai lodi tana buƙatar fili kafin ta tsaya. Kowa ya fita ya tsaya nesa da titi. In ka sa ganye a hanya don gargaɗi, ka kwashe shi kafin ka tafi. Taya ta fashe kana gudu, kada ka danna burki da ƙarfi: ka riƙe sitiyari da hannu biyu, ka ɗauke ƙafa daga totur, ka bar motar ta rage gudu da kanta. Lambar hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122, ta gaggawa ta ƙasa kuma 112. Ka adana su a waya tun a gida, tare da lambar bakanikenka, wanda sau da yawa zai iya haɗa ka da wani abokin sana'arsa a Kaduna ko Zariya.

Shiga Kano

Bayan Karfi sai gadar Tamburawa, daga nan gari ya fara. Kafin ka kai Na'ibawa ka yanke shawarar inda ka nufa. Mai zuwa Hotoro ko hanyar Wudil da Maiduguri ya ɗauki titin da ke zagaye gari ta gabas, ba sai ya shiga cunkoson Unguwa Uku ba. Mai shiga gari ya miƙe kan titin Zariya, ya koma gudun cikin gari tun daga 'Yan Lemo, domin Adaidaita Sahu na tsayawa ne duk inda fasinja ya ɗaga hannu, ba tare da sigina ba. In motar haya ce ta kawo ka, ka sauka a cikin tasha, ka ƙirga kayanka kafin direba ya rufe but, sannan ka yi cinikin Adaidaita kafin ka hau.